Waƙar Da Aka Yaga

Tsohon tela ya ɗora tabarau a kan hanci, ya zaro jan biro. Shekara arba'in yana rubuta waƙa a bayan keken ɗinkinsa, kowacce da yabon Ubangiji a farko, amsa-amo ɗaya har ƙasa, sunansa a baitin ƙarshe. Yau jikarsa ta kawo masa tata, ta kuma rantse ba za ta karanta ta a taron makaranta ba sai ya ce ta yi. Yana son yarinyar nan kamar ransa, shi ya sa ma bai yi niyyar raga mata ba.

"Amaryata, wannan waƙa ce ko wasiƙa? Layi ɗaya dogo, ɗaya guntu, kamar wandon da aka yanka ba awo. Ina amsa-amon?"

"Babu, Kaka. Yanzu ana yin haka."

"Ana yin ɓarna dai." Ya bi layukan da bakin biro, sai ya tsaya. "Ke da ko ashirin ba ki cika ba, me ya kai ki cewa, 'Shekara arba'in ina jin baitocinsa kafin kowa, bai taɓa tambayata ba'? Mawaƙi ba ya faɗin abin da bai same shi ba."

"Ai ba ni ke magana a ciki ba. Inna ce."

Matarsa na zaune a bakin ƙofar shagon tana sa wa wata riga maɓalli. Ko kai ba ta ɗaga ba.

"Ni na faɗa, ita ta rubuta. Kada ka taɓa mini ko harafi, Malam."

Ya sake karantawa a hankali. Lallai ita ce: haka take jan magana, haka take katse ta in ranta ya sosu. Kunya ta rufe shi. Ya miƙa wa jikar takardarta.

"Je ki karanta musu, ta yi."

Ya daɗe yana kakkaɓe zare daga cinyarsa kafin ya yi gyaran murya, ya dubi matarsa.

"To, ga shi na tambaya. Wacce ta fi miki daɗi?"

"Wadda ka yi mini kafin a ɗaura mana aure."

"Haba! Ai wannan yaga ta na yi. Karinta a karye yake."

"Takarda ka yaga."

Ta ciji zaren, ta ajiye allura, ta soma rera ta tun daga fari, da karyayyen karin da komai. Tsoho ya sunkuyar da kai, yana jin kansa yana ɗan shekara ashirin da biyar, yana in-ina a ƙofar gidan iyayenta.