Hannun Ladan Ya Tafi Hutu

Duk unguwarsu a Zurmi babu wanda bai san muryar Malam Maitama ba. Tun ana ce wa ƙasar nan jihar Sakkwato shi ke kiran salla. Matarsa Yalwa kuwa da kiransa take ɗora tukunya, da kiransa take saukewa.

Ciwon ya fara masa ne a hannun dama. Babban yatsa ya riƙa murza manuni kamar mai jan carbi, ko yana zaune ko yana tsaye. Mutane suka ce Malam ya kai, ko babu carbi hannunsa zikiri yake. Shi ma bai musa ba, wa zai ƙi a ce masa waliyyi? Sai da ya fara shayar da rigarsa koko, tafiya ta koma jan ƙafa, sannan aka kai shi asibiti a Ƙaura Namoda. Likita ya ce ciwon makyarkyata ne, ba ya warkewa amma ana lallaɓa shi. Ya ba da ƙwayoyi. Rawar ta ragu, sai dai ƙwayoyin sun zo da baƙonsu, wato barcin rana.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce. Masallaci ya cika har waje, waɗanda da sai ranar Idi goshinsu ke gaisawa da ƙasa duk sun zama 'yan sahun gaba. Har lasifika aka sayo. To a irin wannan lokaci ne La'asar ta zo ta sami Malam a zaure, kai a kan ƙirji. Jibrin, malamin firamare mai zaƙin murya, shi ya kira. Aka kau da kai. Ta sake faruwa, ta kuma sake.

Turai maƙwabciya ce ta miƙo wa Yalwa labarin ta kan katanga, tare da aron rariya.

"Liman ya ce in anka ƙara, Malam shi huta. Ni dai ban ce komi ba. Amma wai lasifika ta karɓi muryar Jibrin."

Yalwa ta karɓi maganar ta ba da rariya. Ta san mijinta. Gona ya bar wa 'ya'ya, kasuwa ya daina zuwa, kiran nan shi kaɗai ke tayar da shi daga tabarma. Ranar da aka karɓe kiran, kwanciya zai yi, kuma ba ta ga abin da zai sake tashinsa ba.

Da ta taɓa masa zancen, sai ya haɗe fuska. "Ni ban kwanan rana. Wuridi nikai, in na nutse ku ce kwana."

Ranar komawa asibiti ta ce za ta bi shi, wai tana da ƙanwa a Ƙaura da ta daɗe ba ta gani ba. Ƙanwar tana nan kam, amma ko gaisuwa ba ta samu ba ran nan. A mota, tun ba a bar garin Zurmi ba Malam ya jingina da kafaɗar wani Bafulatani mai zuwa cin kasuwa, ya yi ta wuridi har da minshari. Bafulatanin, bawan Allah, bai motsa ba har Ƙaura.

Likita Zakariyya yaro ne sa'an ɗansu na uku, mai yawan dariya. Ya duba hannu, ya sa Malam ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sannan ya ce akwai tambayoyin da yake yi wa duk mai shan wannan magani, don ya auna yawan barcin da ke ɗaukarsu da rana.

"Baba, in kana zaune kana jin rediyo, gyangyaɗi na ɗaukarka?"

"A'a."

"In ka ci abincin rana fa?"

"Ko kusa."

"A mota?"

"Ni ka gadin direba."

"To Baba ka fi ni lafiya," in ji likita. "Ni in na ci tuwon rana, ko gobara ake sai an tashe ni." Ya juya ga Yalwa. "Inna, haka ne? In ban san yawan barcin ba, ba zan iya taɓa maganin ba."

Yalwa ta sunkuyar da kai. Ta ƙaryata mijinta a gaban sa'an ɗan cikinta? Bakinta ba zai iya ba. Ta yi shiru kuma, a koma gida da ƙwayoyin nan yadda suke, Liman na jira. Tana cikin wannan sai aka leƙo aka kira likita, ya ce su ba shi minti kaɗan. Fanka na juyawa, ɗakin da sanyi. Kafin ya dawo, yatsun da ke murza juna a kan gwiwar Malam sun lafa, sun kwanta lamo.

Likita na shigowa ta nuna masa da leɓe, ta yi ƙasa da murya. "Likita, hannun Malam ya tahi hutu."

Ya dubi hannun, ya dubi idon da ke rufe, ya gyaɗa kai. Ya gaya mata a hankali cewa haka ciwon yake, rawar ba ta tsayawa cak irin wannan sai mai ita ya yi barci. Ya ja kujera da ɗan ƙarfi.

"Na'am, ina jinku," in ji Malam.

"Baba, na gama da kai, kai lafiyarka lau. Yanzu hannunka zan bincika, shi nake zargi da lalaci. Inna, amsa huɗu ce: ba ya hutawa, jefi-jefi, sau da yawa, ko kusan kullum. In ana jin rediyo?"

"Sau da yawa."

"Bayan abincin rana?"

"Wanga kam kullum na."

"A mota?"

Ta saci kallon mijinta. "Sau da yawa."

"Ke dai hwaɗi gaskiya," in ji Malam, yana hararar hannun kamar ɗan da ya ba shi kunya. "A mota kullum na. Ba shi da tarbiyya."

"In yana zaune cikin jama'a fa? In yana hira da mutum?"

"Sai in da Liman na," in ji Malam. Likita ya yi dariya har da riƙe ciki.

Da ya haɗa amsoshin ya ce barcin ya wuce kima, kuma yana zargin ƙwayar da ake sha da hantsi. Zai rage ta, su dawo bayan 'yan makonni a sake yi wa hannun tambaya. Ya ce bayan Azahar Malam ya kwanta sosai a kan gado, ya yi ƙailula, a tashe shi kafin La'asar.

"Amma Baba, in na rage ta, rawar na iya ƙaruwa kaɗan. Zaɓi naka ne."

Malam ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Rage. Ba hannu ka kiran salla ba."

Kwanakin farko Jibrin ya ci gaba da kiran La'asar, da izinin Malam, wai kafin magani ya zauna. Ran da Malam ya ce yau shi zai kira, ya kwanta ƙailularsa, barci ya yi daɗi. Inuwa ta fara tsawo. Yalwa ta tsaya a bakin ƙofa ta yi gyaran murya, ko gezau. Sai ta ɗauko babban kwanon sha ta sake shi a kan daɓe.

Ya tashi. Ya ɗauki buta ya sake alwala, ya fita yana jan ƙafa, hannun na ta kaɗawa a gefen riga.

Ta zauna a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ganin ko tsakuwa ɗaya. Masallacin ba nisa, amma ga mai irin tafiyarsa akwai aiki. Can sai lasifika ta yi ƙara, aka hura ta sau biyu. Hurawar Jibrin ce, ta san ta. Ta ajiye shinkafar, ta kasa kunne.

Sai ƙarar takalmi ana ja a kan siminti. Jibrin dai bai san ya bar abin a kunne ba, don haka duk unguwa, har masu wanki a bakin rijiya, suka ji shi yana cewa, "Sannu Baba, taka a hankali, da sauran lokaci. Bari in riƙe maka lasifikar, kai dai ka kira."

Malam ya yi tari ɗaya, ya ja numfashi, ya ɗaga murya.