Ƙararrawar Keken Traian

Likita bai ɓoye mana komai ba. Ya ce zuciyar Traian ta ja kunne sau ɗaya, ba za ta sake ja ba. A bar kitse, a bar barasa, a rage tumbin nan, a motsa jiki. Mijin nawa, da ya ƙare ƙuruciyarsa a kujerar motar katako, sai gyaɗa kai yake kamar mutumin kirki. Ni kuwa na fito daga asibitin da abu ɗaya a raina: mutumin nan ba zai mutu ya bar ni ni kaɗai a gida ba.

Ɗanmu ya aiko masa da keke daga Italiya. Ni na sayo ƙatuwar ƙararrawa na ɗaura masa, don ba a hawa hanyar dutsen nan shiru. Ka kaɗa tun daga nesa, beyar, ƙatuwar naman dajin nan mai gashi da farata, ta ji ka, ta kauce cikin daji. Ko yaron goye ya san wannan.

Kullum da safe sai in dafa masa ƙirjin kaza a ruwa zalla, in haɗa da tuffa da baƙin burodi, in naɗe a shuɗiyar takarda in sa masa a jaka. Ni ma shi nake ci, ni da zuciyata lafiya lau, don kada ya ji ƙamshin suya ransa ya biya. Wata da watanni ina haɗiyar abu kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Sai la'asar yake dawowa, jaka wayam, fuska ja.

"Yau har ina ka kai?"

"Har madatsar ruwa, Smaranda! Dubi ƙafafun nan, saurayi ma albarka."

Tumbin dai ko gezau, amma na ce a ba shi lokaci.

Wata rana ya manta maganinsa a kan tebur. Hankalina ya tashi, na jawo tsohon kekena na bi shi, ina turawa a hawa ina haki. Da na doshi kwanar da itatuwa suka yi duhu, sai na kaɗa tawa ƙararrawar kamar yadda aka koya mana.

Maimakon ta kauce, sai ga ta ta fito. Beyar, ƙatuwa, ta tako har tsakiyar titi ta zauna daɓas tana kallon hannuna. Na tsaya cak riƙe da kekena. A nan idona ya faɗa kan kwalbatin gefen hanya, cike da shuɗiyar takarda, wata ta koɗe, wata sabuwa fil.

Allah ya kawo motar katako, direban ya danna oda, ta miƙe ba gaggawa ta shige daji. Dorin ne, tsohon yaron motar Traian. Ya sauko yana dariya.

"Inna Smaranda, kin tsorata? Ai ta Baba Traian ce. Da ta ji ƙararrawa ta san kaza ta iso. Mu duk mun sani."

Duk sun sani. Wallahi wannan ya fi beyar ɗin ƙona mini rai.

Ya ɗora kekena a baya, ya sauke ni a garken tumakin Ilarie, abokin Traian, ko rabin hanyar madatsar bai kai ba. Ga keken Italiya jingine da shinge. Ga maigidan nawa a kan benci, gabansa tuwon masara yana ninƙaya a narkakken cuku, soyayyen kitse a gefe, kwalbar barasa tsakaninsa da Ilarie. Shi Ilarie da ya gan ni sai ya tuna yana da aiki a bayan bukka.

"Smaranda! Me ya kawo ki?"

Na ajiye maganin kusa da kwanon.

"Haba, 'yar tsohuwa, loma biyu ce fa. Kuma ai ina hawa keken, ba ƙarya na yi ba."

"Da guminka ka ciyar da dabbar ko da nawa? Ka koya mata tare mai ƙararrawa. Gobe ɗan wani za ta tare, marar kaza a jaka."

Ya goge baki da bayan hannu. "Ki ji, ni ban iya rayuwar dafaffiyar kaza ba. In lokacin ya yi, ya yi. Gara in tafi a ƙoshe."

"To ni fa?"

Na tsaya ina jira. Ya kalli kwanon, ya kalli tumaki, bai kalle ni ba. Na tsane shi a lokacin, kuma tsoron rasa shi bai ragu ba ko kaɗan.

Ranar kasuwa na shiga shagon Viorica mai yadi. Na ce ta ba ni fararen tawul irin waɗanda ake ɗaura wa masu ɗaukar akwatin gawa, da kyandir, da baƙin ɗankwali. Ta yi alamar gicciye, ta kamo hannuna.

"Wayyo, yaya Smaranda, wa aka rasa?"

"Ba kowa tukuna," na ce. "Yana can yana motsa jiki."