Ragar Golga a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Babur ɗin Golga mai ƙafa huɗu ya ƙi tashi, kuma tsohon ya san dalili. Wayar cok ce ta daskare. An yi ruwan sama kafin sanyi ya kankama, shi kuma ya manta bai rufe kan babur ɗin da fatar barewa ba, aikin da matarsa marigayiya Anesia ke yi kowace yamma ba tare da ya taɓa ce mata sannu ba. Ruwa ya shige cikin robar wayar, sanyi ya zo ya ɗaure shi, maɓallin ya ƙage. A irin wannan sanyi kuwa inji ko tari ba ya yi sai an ja masa cok. Golga ya ja, ya murɗa, ya zagi babur ɗin da wanda ya sayar masa da shi, ko gezau.

Ragarsa tana can tafki, a ƙarƙashin ƙanƙara. Ko yaron goye a ƙauyen ya san dokar raga. In ka shimfiɗa ta, kullum sai ka je ka fasa ramin, ka jawo ta, ka cire kifi, ka mayar. In ka yi sakaci ƙanƙara ta ƙara kauri, ta sauko ta kama igiyar saman ragar, shi ke nan sai bazara. Mura ta kwantar da shi, ya kwana biyu bai leƙa ba. Bana kuma dusar ƙanƙara ba ta kwanta ba, ƙasa ta daskare tsirara, babur ɗin nan ne kaɗai abin hawansa.

'Yarsa Matrona ta fito bakin ƙofa da hannuwanta cikin hammata. Jirgin sama ne ya kawo ta jiya daga birnin Bethel, inda ta riga ta gyara masa ɗaki a gidanta. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka tun tana zanin goyo yake kiranta Aana, wato inna. Daren jiya sun yi ta ja-in-ja a kan komawarsa can, har bakinsa ya kai shi ya baro. Ya ce ranar da ya kasa jawo ragarsa da hannunsa, ranar ta ɗaure shi ta sa a jirgi. Ita kuwa ta ɗaga gira, alamar amincewa a wajen mutanensu.

"Aata, ka bari in kira Evon ya kai ka," in ji ta. Aata shi ne baba a harshensu, Evon kuwa maƙwabcinsu ne.

"Evon ne zai zauna a gidan nan ko ni?"

"To ka ci wani abu tukuna."

"Aana, koma ciki. Birni ya cinye miki kitse, kar ki daskare mini a ƙofa a ce ni na kashe uwata."

Ya san gyaran sarai, shi da ya koya wa rabin ƙauyen. A kwance wayar daga kafireta, a kai ta ɗaki, a rataya saman murhu har ruwan ya tsiyaye, a ɗiga mata mai, a mayar. Sai dai ɗan ƙarfen da ke riƙe da ita ƙarami ne, ba ya kwantuwa da safar hannu. Ya cire safar da haƙori, ya zura yatsu. Kafin ya kama abin da kyau yatsun sun yi fari, sun daina jin abin da suke taɓawa. Sufana ta suɓuce ta faɗi. Ya cusa hannun a ciki ya ɗumama, ya sake gwadawa, ta sake faɗuwa. Ya ɗaga kai. Rana ta leƙo ke nan, amma ranar hunturu ba ta zama, tana fitowa take neman hanyar komawa.

Ya shiga ɗaki ya sauke butar da ke tafasa a kan murhu.

Matrona ta bi butar da ido. Tana yarinya ya taɓa ja mata kunne a kan wannan, ya ce wanda ya zuba wa ƙanƙara ruwan zafi ƙarin ƙanƙara ya yi wa kansa. Amma a wajensu ba a gyara wa babba aiki yana tsakar yi, ko da kana kallon ramin da zai faɗa.

"Shayi za ka sha?" ta tambaya a hankali.

"Babur ne zai sha."

Ya tsiyaya ruwan daga maɓallin har ƙasan wayar, tururi ya tashi. Ya ja, sai ga cok ya biyo hannunsa sumul. Ya danna, injin ya yi tari, ya kama. Wani daɗi ya cika tsohon har ya manta da shekarunsa. Ya ɗaure sandar fasa ƙanƙara da buhu a baya, ya waiwayo.

"Ki ɗora tukunya! Yau sai kin ci kifin da ba a nannaɗe a leda ba."

Bai yi nisa da ƙauye ba injin ya ɗumama, lokacin mayar da cok ya yi. Ya tura maɓallin, ya ƙi. Iska ta riga ta yi aikinta, ruwan butar ya daskare a ciki, wayar ta ƙage a jaye, fiye ma da na safe. Injin ya dinga shan mai ba kai ba gindi, yana fitar da baƙin hayaƙi. Golga ya doki maɓallin da dunƙule, ya roƙe shi, ya ƙara wuta ko za su kai. Babur ɗin ya yi shaƙuwa, ya yi shiru a tsakiyar fili.

Ya kwance sandar ya kama hanya a ƙasa. Ƙirji na zafi, yana tafiya yana hutawa, har ya hango itacen da ya kafa a bakin raminsa. Ya fasa ramin da ƙyar, gumi na daskarewa a gemunsa. Ya naɗe igiyar a hannu ya ja. Ba ta motsa ba. Ya kafa ƙafa ya ja da duk abin da ya rage masa, sai shi ne ya zame ya zauna.

Ya rarrafa, ya share ƙanƙarar da hannun riga, ya leƙa. Ga igiyar sama nan cikin ƙanƙara, ta shige ciki tun daga wannan baki har wancan, da ƙullin da Anesia ta yi da hannunta. A ƙasa kuma ga kifi birjik, sun juya fararen cikinsu sama. Tun yana yaro aka gaya masa kifi ba kama shi ake yi ba, shi ke ba da kansa ga wanda zai mutunta shi. Sun zo masa, shi ne bai zo ba. Kunya ta rufe shi, wadda ta fi sanyin ciwo.

Yana nan durƙushe ya ji ƙarar babur. Matrona ce, ta aro na Evon, ita kaɗai. Ta zo ta tsaya a gefensa, ta leƙa.

"Evon yana da zarton inji," ta ce. "Gobe a yanko ta. Ba wanda zai ji daga bakina, Aata. Maganar jiya ma a bar ta."

"Ragar za a yanko. Kifayen fa?"

Ta sake duban kifayen. Ya miƙa mata hannu ta ɗaga shi, abin da bai taɓa yarda an yi masa ba.

"Aana, ɗakin nan naki, tagarsa tana kallon kogi?"

"Wurin ajiye motoci take kallo."

Ya dubi tafkin, ya dubi itacen da ya kafa, ya bar sandarsa kwance a bakin ramin. Sannan ya juyo gare ta ya ɗaga gira.