Farar Mota a Madubi

Shekara biyar ke nan ƙungiyar Varden ta mayar da gasar tseren motoci ta duniya gonar ubanta. Fararen motocinta biyu su zo na ɗaya da na biyu, sauran sha takwas su yi ta kokawa a kan ƙanzon tukunya. Ko a mashayar ƙauye an daina musu a kan wa zai ci, sai dai wa zai zo na uku. Ranar Lahadi mutum zai ci abincin rana, ya kunna talabijin, ya kalli tashin motocin, ya yi barcinsa, ya farka ya tarar ba abin da ya wuce shi. Kuma ba wanda zai ce sun yi maguɗi, abin da ya fi ba da haushi ke nan. Sun fi kowa ne kawai, kullum, ba ko kunya.

Hilary Oakshott injiniya ce a ƙungiyar Garrod, wata ƙaramar ƙungiya mai masana'anta a bayan gonar shanu a tsakiyar Ingila. Ita ce muryar da direban mota mai lamba sha tara ke ji a kunnensa yayin tsere. Ta yi karatu mai zurfi don wannan aiki, amma a shekarun nan aikin ya ƙanƙance ya koma magana ɗaya. Duk tsere, wajen zagaye na arba'in, farar mota za ta gama kewaye fili ta cim musu ta baya, ta tsere musu da zagaye guda cur. Sai alƙalai su ɗaga shuɗiyar tuta, alamar dole a kauce mata ko a sha hukunci. Hilary ta danna maɓalli ta ce, "Farar mota, Lorne. Ba ta hanya bayan kwana." Da farko abin yakan yi mata ciwo. Daga baya ta daina jin komai, tana iya faɗa tana kurɓar shayi.

Direban shi ne Lorne Crake, mutumin Sikotlan, ɗan shekara talatin da takwas. Shekara sha huɗu yana gasar nan, bai taɓa taka dandamalin da ukun farko ke hawa ba. Sau uku yana zuwa na huɗu. Bana ce shekararsa ta ƙarshe, kuma ba ya ɓoye abin da ya rage masa a rai: ya hau dandamalin nan sau ɗaya tak, ko da matakalar ƙasa ce, ya ga yadda jama'a suke daga can sama. An shaide shi da iya kaucewa. Kirsimetin bara har kwandon cuku Varden suka aiko masa da kati na godiya, ya raba wa kanikawa, shi bai ci ba.

Safiyar tseren gida, wanda ake yi a Ingila cikin watan Yuli, ya same ta a bayan gareji da kofin shayi a hannunsa.

"Ranki ya daɗe, yau a zagaye na nawa zan buɗe wa manya ƙofa?"

"In ka daina tuƙi kamar mai kai kakarsa asibiti, wataƙila mu kai na arba'in da biyar."

"Kakata ta fi wannan akwalar taku gudu, kuma ta rasu."

"To tsoho, shanye ka je ka sa hula. Furfurar nan tana rage mana farin jini."

Ya yi dariya ya ɗaga kai ya dubi sama. Gajimare ya taru ta yamma, irin wanda ba ya faɗin abin da zai yi.

Varden suna da ɗaki guda cike da masana yanayi da na'urori. Garrod kuwa suna da mahaifiyar Hilary, wadda gonarta ke mil takwas yamma da fili, daidai inda iska ke fitowa. Al'adarsu ce tun da daɗewa: ranar tseren gida tsohuwar ta zauna kusa da taga da waya a cinya. A zagaye na talatin da ɗaya, Lorne yana na sha biyar, wayar Hilary ta yi motsi.

"Hil, na kwashe shanya," in ji tsohuwar. "Ba yayyafi ba ne, na gaske ne. Minti shida ya iso ku."

Na'urar kowa ta ce ruwan zai bi ta kudu ya wuce. Hilary ta dubi Mista Garrod, mai ƙungiyar, dattijon da ke zaune kusa da ita da bargo a gwiwa. Ya ɗaga kafaɗa, ma'ana me muke da shi da za mu rasa. Ta kira Lorne ya shigo, aka sa masa tayoyin ruwa alhali kwalta a bushe ƙamas. Masu sharhi a talabijin suka yi musu dariya, har ɗaya ya ce ko zafin rana ne ya taɓa su.

Zagaye uku bayan nan sama ta ɓalle. Motoci suka dinga sulɓewa suna faɗawa cikin tsakuwa, waɗanda suka tsira suka yi cincirindo a bakin gareji suna jiran taya. Zakaran duniya da kansa, mai farar mota lamba ɗaya, ya wulwula sau biyu ya koma can baya. Da ƙura ta lafa Hilary ta dubi allo, ta sake duba, ta goge shi da hannun riga.

"Lorne, kai ne na uku."

Ya ce, "Hil, in wasa kike yi wallahi ba zan yafe miki ba."

"Na uku, tsoho. Riƙe abinka."

Ya riƙe. Zagaye goma sha ɗaya ya yi yana tuƙi irin wanda ta manta ya iya. Kanikawa suka bar kujerunsu suka jeru a gaban allo, wani ya dafe kai, wani ya juya baya ya ce a riƙa gaya masa. Jama'ar da ke kan benci cikin rigunan leda suka tashi tsaye, duk sanda shuɗiyar motar Garrod ta gifta sai ihu ya bi ta. Mutanen nan sun jima ba su ga abin da ba su zata ba.

Ruwa ya tsaya, hanya ta fara bushewa, amma layi ɗaya tak, faɗin mota guda. Duk mai son wuce wani sai ya fita ya taka jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma a nan babu wanda ya fi wani. Saura zagaye shida zakara ya murmure ya dawo na huɗu, yana cinye tazarar kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Hilary ta yi lissafi: zai cim musu saura uku. Ta gaya wa Lorne, ta gaya masa dalla-dalla cewa wannan karon ba wuce su da zagaye za a yi ba, matsayi ɗaya suke nema su biyu, babu tuta, babu doka. Ya zauna a kan busasshen layi kawai, ko Varden ba ta da fiffike. Ya ce ya ji.

Saura zagaye uku. Idonta na kan zafin tayar gaba ta hagu, wadda ta fara narkewa, kunnenta ɗaya na sauraron mai kula da inji. Ta gefen ido ta ga abin da take gani kowace Lahadi: farin ɗigo ya manne wa shuɗin ɗigo a kan taswirar fili. Babban yatsanta ya danna maɓalli. Bakinta ya ce, cikin natsuwa, da muryar da ta saba, "Farar mota, Lorne. Ba ta hanya bayan kwana."

Sai da ta ji maganar a kunnenta sannan ta san ta faɗa. Ta sake dannawa tana cewa a'a, a'a, riƙe, amma a allo shuɗiyar mota ta riga ta ratse gefe cikin ladabi, ta hau jiƙaƙƙen wuri, farar ta wuce. Zakara har hannu ya ɗaga na godiya. Talabijin kuma ba ta ɓata lokaci ba, ta saka muryar Hilary duniya ta ji, sau biyu.

Na huɗu ya zo. Rabon Garrod da sakamako irin wannan shekara shida, amma ba wanda ya rungumi wani. Kanikawa suka shiga naɗe wayoyi kowa kansa a ƙasa, suna ratse mata hanya kamar mai ɗauke da gawa. Mista Garrod ya dafa hannunta ya ce, "Yarinya, na huɗu ma abu ne," sannan ya kasa kallonta. Daga nesa ana jin taken ƙasar Varden, don ɗayar farar motarsu ce ta ci, taken da kowa a wurin ya haddace ba da son ransa ba. Hilary ta ɗauki kwamfutarta ta tafi neman Lorne, don gara ya zage ta a gama.

Ta same shi a ɗan ɗakin canza kaya, zaune a kan akwatin taya, hular kwano a cinyarsa, gashinsa jiƙe da gumi.

"Lorne, ban da abin da zan ce. Shekara sha huɗu kana jira, ni na karɓe maka da bakina. Ka ce duk abin da kake so."

Bai ɗago ba. "Buɗe na'urar nan."

"Ba sai mun yi wannan yau ba."

"Buɗe, Hil. Zagaye na arba'in da tara, kafin kwana ta tara. Duba totur."

Ta zauna a ƙasa ta buɗe. Motar tana rubuta duk motsin ƙafar direba, tana kuma rubuta lokacin da aka danna rediyo. Koren layi na totur, abin ba mota wuta, yana can sama, alamar an take shi har ƙasa, sai ya gangaro. Jan ɗigo na muryarta yana gaba da wurin. Ta matso da hoton, ta auna. Kusan daƙiƙa ɗaya ce tsakani. Ya riga ya ɗage ƙafa, ya riga ya fara karya sitiyari, kafin ta buɗe baki.

"Fari kawai na gani a madubi," ya ce. "Kin gaya mini, na ce na ji, kuma na ji ɗin. Ina ta faɗa wa kaina, riƙe layi, riƙe layi. Ƙafar ce ba ta tambaye ni ba."

Hilary ta daɗe tana kallon layin. Da ta shigo ɗakin nan ta ɗauka babu abin da ya fi laifinta ciwo. Yanzu da za a ba ta zaɓi, da ta karɓi laifin duka da hannu biyu, ta bar masa mutumin da yake zaton shi ne. Ta rufe kwamfutar a hankali.

"Ba wanda zai ga wannan," ta ce. "Duniya ta ji muryata, a bar shi a haka. 'Yan jarida suna waje, ka ce umarni aka ba ka ka bi. Ni zan iya ɗauka."

Ya juya hular a cinyarsa, ya goge wani tabon laka da yatsa. A karon farko ya dube ta, idanunsa jajaye.

"Na gode, Hil. Zan faɗa musu haka, za su kuma yarda." Ya miƙe da ƙyar, ya tsaya a bakin ƙofa. "Amma ni ina cikin motar, na san gaskiya."