Jinin Ragon Layya a Kwalbar Turawa

Shekara tara Talatu tana kiwon abin da ba ya kuka, ba ya tafiya, ba a kuma ganinsa sai da madubin likita. Ƙwayoyin halitta ne na ƙodar wani ɗan rago, waɗanda wani baƙon likita ya bari a ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da take aiki, can bayan Gada Biyu. Ragon an daɗe da cinye shi, likitan ya daɗe da komawa ƙasarsu, amma ƙwayoyin suna nan manne a gindin kwalabe huɗu cikin akwatin ɗumi, suna hayayyafa abinsu. Da su ake gane cutar da ta kama awaki in makiyaya sun kawo ƙara. Na ajiya da aka daskarar sun mutu tun shekarar da tukunyar sanyi ta ƙafe, don haka waɗannan huɗun su ne ke nan.

Abincinsu wani ruwa ne ja-ja kamar zoɓon da aka cika wa ruwa, da gishiri da sukari da wasu sinadarai a ciki. In sun ci sai ya koma launin ɗorawa, ta zubar ta sa sabo, kowace Litinin da Alhamis. Sai dai ruwan shi kaɗai tuwo ne ba miya. Dole a haɗa masa da siram, wato ruwan da ke tasowa saman jini in ya daskare. Nasu na ɗan maraƙi ne, daga Turai ake kawo shi a daskare.

A farkon 2006 kayansu suka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Legas, kwalbar siram ta ƙarshe kuma ta kai rabi. Talatu ta rage musu abinci, ta sake ragewa, har ta ga sun fara ƙanƙancewa suna saki suna yawo a saman ruwa. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tafi wajen shugaban ɗakin, Dokta Dantong, matashi mai kirki da ya yi karatu a waje, wanda a ganinsa duk abin da bai hau jirgi ba bai kai a kira shi kimiyya ba.

"Oga, tsohon likita ya koya min yadda ake cire siram daga jinin rago. Ga Sallah ta zo."

"Madam Talatu, a nan ba farfesu muke dafawa ba," in ji shi. "Siram da ba lamba, ba takarda, ba zai shiga lab ɗina ba. Wanda ya kawo shi, tare za su fita."

Ta ce, "To, Oga." Duk wanda ya san Talatu ya san irin wannan "to" ɗin, amma Dokta shekararsa biyu kacal a wurin.

Ana jajibirin Sallah ta sami Malam Sharafaddeen, dattijon da ke yanka wa duk mutanen layinsu na bayan Titin Bauchi ragunan layya. Ta gaishe shi, ta roƙi ya bari ta tari jinin.

Ya ɗago daga wasa wuƙa. "Maman Kausar, jini fa najasa ne. Rami ake haƙa masa a rufe. Me za ki yi da shi?"

Ita kuwa ta ga babu abin ɓoyo, ta zayyana masa komai. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ajiye wuƙar a hankali.

"Bari in ji ko na fahimta. Ragon da aka yanka shekara tara, ƙodarsa tana raye a kwalba. Kina ajiye ta a wuri mai duhu da ɗumi. Litinin da Alhamis kina ba ta jini."

"Ruwan jini, Malam."

"In ba ki ba ta ba fa?"

"Ni ce a wahala."

Malam ya karanta abin da ya sawwaƙa a ransa. Daga ƙarshe ya yarda, don ya san ta tun tana amarya bai taɓa jin an ce ta yi ba, amma da sharaɗin maganar ba za ta wuce su biyu ba. Kafin la'asar matarsa ta ji, kafin magariba kuwa har mai kanti ya ji.

Da aka sauko daga Idi, sai ga Talatu cikin leshinta na Sallah, da safar hannu, da kula cike da kwalaben da ta dafa a wurin aiki. In Malam ya yi bisimilla ya ja wuƙa, sai ta bar na farko ya zuba a rami, sannan ta tara kwalba ta rufe da sauri. Rago bakwai ta bi, gida bakwai, mata suna leƙe ta bayan labule suna janye 'ya'yansu. Da yamma ta aika wa maƙwabta soyayyen nama kamar yadda ta saba. Kowa ya ce an gode, kuma a shekarar kyanwoyin layin suka yi Sallar da ba su taɓa yi ba.

Hutun Sallar a wurin aiki ta yi shi. Jinin ya kwana a sanyi, siram ya taso garau kamar man gyaɗa. Ta juya shi a na'ura, ta ɗumama shi rabin awa, ta tace, ta ajiye kaɗan a ɗumi kwana uku ta ga ko wani abu zai tsiro. Babu abin da ya tsiro. Sai ta ɗauko tsofaffin kwalaben Turai da ta ƙi zubarwa tun zamanin tsohon likita, ta dafa su, ta ɗura, ta tura su can ƙasan firiza.

Ran Litinin ta jira sai da Dokta ya shigo, sannan ta zura hannu har kafaɗa. "Oga, dubi abin da na tono a ƙasan firiza." Ƙarya dai ba ta yi ba, a nan ɗin ta tono su.

Cikin sati biyu ƙwayoyin suka cika gindin kwalba, suka yi ɓul-ɓul, har sai da aka raba su gida takwas. Dokta ya duba madubi, bakinsa har kunne.

"Kin gani, Madam? Wannan shi ne aikin Bature. Da farfesunki muka sa, da yanzu muna makoki."

"Gaskiya ne, Oga," in ji ta, tana goge teburin da ba shi da datti.

Kayan Legas suka iso a watan Afrilu, daidai lokacin da na ƙasan firiza ya rage kwata. Aka ba ƙwayoyin sabon siram mai lamba mai takarda, su kuwa suka yi yaji. Suka daina rabuwa, suka fara saki. Dokta ya mayar da su kan tsohon, suka farfaɗo. Sai ya kwafi lambar da ke jikin kwalbar, ya tafi shagon intanet ya rubuta wa kamfanin cewa a aiko musu da irin wannan ɗin sak.

Da amsa ta zo, ya kira Talatu ofis ya rufe ƙofa. Kamfanin ya ce wannan lambar ta ƙare tun 1999, kuma duk abin da ke cikin kwalbar ba nasu ba ne.

"Madam Talatu, mene ne a ciki?"

Ta tuna aikinta, amma abin da ya fi ci mata rai shi ne wa zai ciyar da su ran Alhamis. Ta faɗa masa gaskiya.

Ya ce, "Kin ɗumama? Kin tace? Kin gwada?"

Ta zaro littafin makaranta daga jakarta. Komai yana ciki: rana, awa, zafi, da mai rago. Ya karanta a fili. "Ragon gidan Lukuman tela, fari, mai lafiya, ya sha dusa." Ya rufe littafin, ya shafa kai. "To, takarda dai yana da shi. Lamba kuma ni zan ba shi. Yaushe za a samu wani?"

"Sai wata Sallar, Oga. Wata takwas."

"Kwatan nan fa?"

"Sati uku. In a hankali za a yaye su zuwa na Turai, sai an yi wata biyu ana gaurayawa."

Dokta ya kalli kalanda, ya kalli silin. Can ya ce ran Asabar ake bikin ƙanwarsa Kaneng a Kuru, kuma kawunsa zai yanka raguna uku. "Sai ki zo da kwalabenki."

"Zan zo da su, Oga, amma kai za ka tara. Ni na yi tawa. Har yau ba a cin abincina a layinmu."

Da safiyar Asabar, a bayan gidan biki, babban wan amarya ya durƙusa cikin sabon kwat ɗinsa, da safar hannu, da kwalba. Talatu tana tsaye da kula tana ba da umarni: "Bar na farko ya zuba, Oga. Yauwa. Tara." Matan da ke girki suka saki ludayi. Gwaggonsa Chundung, shugabar zumuntar mata a cocinsu, ta taho a hankali ta tsaya a kansa.

"Me zan ce mata?" ya raɗa wa Talatu.

"Gaskiya, Oga. Ni ma ita na faɗa."

Sai ya miƙe, kwalbar jini a hannu, ya fara bayani dalla-dalla: ɗan ragon da aka yanka shekara tara, ƙodar da ba ta mutu ba, akwatin mai duhu da ɗumi. Yana kaiwa kan Litinin da Alhamis, Gwaggo Chundung ta ɗora masa hannu a ka, ta kira sauran matan su zo a yi addu'a.

Talatu ta karɓi kwalbar kafin ta zube, ta rufe, ta sa a kula, ta miƙa masa ta biyu.