Bidiyo na Goma Sha Bakwai

Shekara goma sha ɗaya Mai Faifai ya yi yana aiki da manhaja guda. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matattakalar bene, bango ɗaya ya raba su da Tela. Mutane na kawo masa tsofaffin kaset da memori, bidiyon yara suna rarrafe ko kaka tana faɗa da mai ɗauka, shi kuma ya ɗora musu a faifai. Yawancin aikin yanzu na tsofaffi ne, waɗanda latse-latsen waya ya gagare su amma sun san maɓallin na'urar faifai ko ido rufe.

Sai kamfanin ya daina manhajar. Bai damu ba har ranar da tsohuwar kwamfutarsa ta mutu, sabuwar kuma ta ƙi buɗe ta fafur. Mako guda ya yi yana gwada wasu. Wata ta yanke murya, wata ta manna tambarinta a goshin mutane. Tela ya riƙa leƙowa yana tsokanarsa, wai ko ranar da matarsa ta yi yaji bai rame haka ba. A ƙarshe ya samu wadda ta yi masa. Bambancinta da tsohuwar ɗaya ne: tsohuwar nau'in bidiyo guda take gani, sauran ta wuce su kamar makauniya, sabuwar kuwa duk abin da ta tarar sai ta kwaso.

Ran Litinin da safe wata mata ta shigo cikin fararen kayan asibiti, ta ajiye masa ambulan da memori a ciki. Ta ce na ƙanwarta ne da ta rasu wata takwas da suka wuce, santsi ya kwashe ta a banɗaki ta fasa kai. Mijin ne ya mayar musu da kayanta, a ciki ta ga wannan. Mahaifiyarsu ke so ta sake ganin 'yarta tana motsi. Nas ɗin na sauri, ta ce za ta dawo ƙarfe huɗu, ta fita bai ko karɓi lambarta ba.

A jikin ambulan ɗin akwai rubutun hannunsa: lambar waya, da "bidiyo 16". Ashe ya taɓa yin aikin nan, amma bai tuna wanda ya kawo ba. Da ya sa memorin, sabuwar manhaja ta jero goma sha bakwai. Bai kawo komai a ransa ba. Ya ɗora su duka, ya sa faifan a na'ura don ya gwada, kamar yadda ya saba.

Goma sha shidan farko yarinya ce 'yar shekara biyu da uwarta, ana wanka, ana koyon tafiya, ana dariya. Na ƙarshen ya buɗe da fuskar matar ta cika allo, tana gyara wa kamara zama a saman kabad. Ta ja wani tsumma ta rufe gefenta, ta sauka. Aka ga falo, kujeru biyu da ƙofar banɗaki. Can sai wani ƙaton mutum ya shigo da rigar aiki mai baƙin mai, yana tambayar ina ta je jiya. Ba ta gama amsa ba ya ɗauke ta da mari. Ta faɗi, ya ɗago ta da gashi, ya buga kanta da bango. Sau uku Mai Faifai ya ji ƙarar. Tana cewa ya yi a hankali yarinya na barci, yana ƙara mata da ƙafa a ciki. Da ya buga kan na huɗu ta daina magana. Mutumin ya tsaya yana huci, ya taɓa ta da yatsan ƙafa, sannan ya ja ta da ƙafafu zuwa banɗaki. Aka ji an kunna famfo.

Mai Faifai ya kashe na'urar. Bai yi tunani ba, ya ɗauki waya ya kira lambar da ke jikin ambulan. Namiji ya ɗauka. Ya ce masa don Allah a gaya wa Nas ta zo maza, akwai bidiyo a memorin marigayiya, ba faɗuwa ta yi ba. Mutumin ya tambaya a natse ko shagon ƙarƙashin bene ne. Ya ce eh. Sai da ya ajiye wayar ya gane muryar. Ita ce ya ji yanzu a bidiyon tana tambayar matar ina ta je jiya.

Ya zare memorin, ya shiga wurin Tela ya cusa shi cikin gwangwanin maɓallai, ya ce kada ya taɓa, zai yi masa bayani. Ya dawo don ya rufe shago ya nufi wajen 'yan sanda. Yana neman kwaɗo babur ya tsaya a ƙofa. Ashe mijin marigayiyar makaniki ne, garejinsa layi uku ne kawai daga nan.

Ya shigo da ƙarfen kwance taya a hannu, ya tura ƙofa da ƙafa. Bai yi sallama ba. Ya sauke ƙarfen a kan sabuwar kwamfuta, gilas ya tarwatse har cikin wuyan rigar Mai Faifai. Ya fizgo na'urar faifai ya maka da ƙasa, ya zaro faifan ya karya shi biyu da hannu.

"Baba, ina memorin?"

Mai Faifai ya ce Nas ta zo ta karɓa. Makaniki ya shaƙe shi ya haɗa bayansa da kanta, faifai suka zubo musu a ka. Ya ce ƙarya yake, da ta karɓa da bai kira ba. Ya kama hannunsa na dama ya shimfiɗa a kan tebur, ya sake tambaya. Mai Faifai ya yi niyyar faɗa, bakinsa ne ya ƙi buɗuwa. Ƙarfen ya sauka a kan yatsu biyu. Ihun da ya yi har mai shagon ƙarshen layi ya ji. Makaniki ya ɗaga ƙarfen karo na biyu, wannan karon kai ya nufa.

Tela ne ya banko ƙofar, dutsen guga a hannunsa da zafinsa. Ɗan siriri ne, bai kai makanikin kafaɗa ba, amma ya yi tsalle ya manna masa shi a ƙeya. Warin fata ya cika shagon. Makaniki ya juyo ya kai masa ƙarfen a baki, haƙora biyu suka faɗo kan siminti. Kafin ya ƙara, masu shagunan layin sun cika ƙofa. Suka jawo shi waje, wani da benci, wani da katakon rufe shago, suka rufe shi da duka ba wanda ya san laifinsa na asali. Sai da wani dattijo ya shiga tsakani, ya ce kada su mayar da kansu masu kisa, sannan aka ɗaure shi da yadin Tela a jikin turken lantarki.

A haka Nas ta iso, ta tashi aiki da wuri. Ta ga mijin ƙanwarta a ɗaure, jini ya rufe masa ido. Ta durƙusa tana salati, ta yage gefen mayafinta tana danne masa goshi, tana tambayar me ya yi musu haka. Mai Faifai ya fito rungume da hannunsa.

"Hajiya, ƙanwarki ba santsi ne ya kashe ta ba," ya ce. "Ta ajiye kamara. Na gani da idona."

Ta dubi makanikin. Bai musa ba, ƙasa yake kallo. Ta miƙe a hankali, ta ɗauki ƙarfen da ke yashe a bakin kwata, ta sauke masa shi a gwiwa da hannu biyu. An ji ƙarar ƙashi. Mata uku suka riƙe ta kafin ta ɗaga na biyu, tana ta kiran ƙanwarta da sunan da suke kiranta a gida tun tana ƙarama.

'Yan sanda suka tafi da shi, Tela ya zazzage gwangwanin maɓallai a kan teburinsu ya tsinto memorin. Shari'ar ba ta yi tsawo ba, domin alƙali ya kalli bidiyon, lauyan makanikin kuma sassauci kawai ya roƙa. Aka yanke masa hukunci mai nauyi. Nas ta sha gargaɗi kan gwiwar, ta kuma ɗauki yarinyar ta riƙe. Yatsun Mai Faifai biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, Tela kuwa ya koma yin dariya hannu a baki.

Bayan wata biyu, da ya haɗa wata kwamfutar aka kuma dawo da memorin, ya yi wa mahaifiyar Nas faifanta da bidiyo goma sha shida. Washegari sai ga ta da sanda, ita kaɗai. Ta ce ta ji akwai na goma sha bakwai. Ya ce Inna ki yi haƙuri, ba abin kallo ba ne. Ta zauna a bencinsa har la'asar, ta dawo kashegari ta sake zama. A rana ta uku Nas ta bugo ta ce ya nuna mata, tsohuwar ba za ta haƙura ba.

Ta kalla daga farko har ƙarar famfo, ba ta kawar da kai ba, ba ta yi kuka ba. Da ya ƙare ta ce ya mayar da shi farko, inda 'yarta ke gyara kamara fuskarta ta cika allo, ya tsayar a nan. Ta daɗe tana duba. Sannan ta ce ya wanke mata wannan a takarda, babba, za ta jira.