Masassaƙi a Cikin Firam

Alkawari kaya ne. Shi ya zaunar da tsohon masassaƙi a kan kujerarsa ta aiki, cikin wani ƙaton firam na katako irin wanda ake sa hoto a ciki, wuƙarsa a cinya, jama'a suna wucewa suna kallonsa. Autarsa ce ta roƙe shi. Ta karanci zane, ga shi karon farko an karɓi aikinta a gidan baje kolin fasaha, aikin kuwa shi ne ubanta zaune, hannuwansa suna hutawa. In ya motsa su ko ya tashi, aiki ya watse, a cire sunanta.

Tun da safe aka rasa inda za a ajiye shi. Mai kula da ɗakin zane ta ce ita ba ta ga fenti ba. Mai ɗakin sassaƙa ya ce kayansa ba sa tari. Sai aka girke tsoho a lungun da ke tsakanin ƙofofin biyu, inda iska ba ta ratsawa.

"Auta, wai ni mene ne a nan? Jemage?"

"Wannan tambayar ita ce aikin, Baba. Yi shiru."

Ƙugu ya ƙage, ƙafa ta yi tsami. Wata mata ta zunguri mijinta ta ce, "Ka ga masu haƙuri."

"Ai ba ke ce a gidansa ba," in ji mijin.

Can idon tsoho ya faɗa kan wani kaushi a jikin firam, inda ba a goge katakon ba. Hali zanen dutse. Tun da yake bai taɓa ganin irinsa ya ƙyale ba. Hannu ya ɗauki wuƙa bai shawarci zuciya ba, ya yi ta fira har kan tsuntsu ya fito. Da ya farga, sai ya ga ya kashe wa yarinya aiki. Amma can ƙasan ransa ya ji daɗi, yau sai gida.

Ya ɗago ya ga lungu ya cika. Mai ɗakin sassaƙa yana cewa nasa ne, mai ɗakin zane tana cewa firam ai na ɗakinta ne. Auta ta durƙusa, ido yana ƙyalli.

"Baba, sun ce ka ci gaba har ranar rufewa. Don Allah kar ka gama tsuntsun da wuri."

An gudu ba a tsira ba. Tsoho ya dubi sauran gefunan firam, ya gyara zama.